Fensir a Gindin Takarda: Me Ake Saya Idan An Sayi 37/250?

A tsakiyar shekarun 1970, jami'an kwastam na Faransa suka tare wata babbar mota a kan iyakar ƙasar da Andora. Da aka sauke kayan, sai ga fararen takardu kimanin 40,000, babu zane ko ɗigo a kansu, amma kowace a gindinta akwai sa hannun Salvador Dalí, shahararren mai zanen nan ɗan ƙasar Sifen. Shi zanen sai daga baya za a buga shi a saman sa hannun. Tsohon sakatarensa, John Peter Moore, ya taɓa iƙirarin cewa irin waɗannan takardu da Dalí ya sa wa hannu sun kai 350,000. Wasu masana sun ce ya yi ƙari, amma babu mai musun cewa abin ya faru, kuma ya faru da yawa.

Duk wanda ya shiga otal, ko ofishin lauya, ko falon masu hali a Turai da Amurka, ya ga irin hajar da ake nufin yi da waɗannan takardu: hoton bango cikin firam da gilashi, a ƙasansa ta hagu an rubuta 37/250 da fensir, ta dama kuma sunan mai zane. Ma'anar lambar ita ce kwafi 250 kacal aka buga, wannan ne na 37. A wasu, maimakon lamba sai a ga harufan A.P. ko E.A., alamar kason da aka ware wa mai zanen kansa, wanda bisa al'ada ba ya wuce kashi 10 cikin 100 na bugun. Saboda waɗannan 'yan rubuce-rubuce na fensir, takardar da ba ta fi dala 20 ba sai a sayar da ita dala 500, ko 5,000, kuma akwai mutanen da suka shafe shekaru suna tara irinta da imanin cewa suna ajiye wa 'ya'yansu gado.

Lambar nan da sa hannun alkawari ne. Mai zane yana cewa ya ga wannan takarda da idonsa, ya yarda da ita, kuma ba zai ƙara buga wata ba bayan adadin da ya faɗa. Darajarsu daidai take da darajar wanda ya ɗauki alkawarin da wanda ke riƙe da lissafin. Tun da kasuwa ta gano cewa ana iya sayar da alkawarin shi kaɗai, ba tare da aikin da ke bayansa ba, masu ƙaramin ƙarfi ne suka fi kwana ciki.

Abin da dillalai ba su cika faɗa ba shi ne, manyan gwanayen wannan sana'a na dā ba su san lamba ba sam. Albrecht Dürer na Nuremberg a Jamus harufan sunansa yake sassaƙawa a jikin katako ko farantin da ake bugawa da shi, don haka suna fitowa tare da zanen. Marubucin tarihin masu zane, Vasari, ya ruwaito cewa lokacin da Marcantonio Raimondi ya kwaikwayi ayyukan Dürer a Venice a farkon ƙarni na 16, hukuncin da aka yanke shi ne ya daina sa harufan Dürer, amma kwaikwayon zanen ba a hana shi ba. Rembrandt ma bai taɓa rubuta lamba a gindin takarda ba. Shi kuwa Hokusai na Japan, hoton babbar igiyar tekunsa da ya fito wajen 1831 dubbai aka buga, ana sayarwa a kan kuɗin abincin rana. Duk da haka a watan Maris na 2023 an sayar da guda ɗaya a gwanjon Christie's na New York a kan dala miliyan 2.76, babu fensir, babu lamba.

A zamanin su Dürer da Rembrandt kayan aikin ne ke yanke adadi. Farantin tagulla ƙarfe ne mai laushi, kuma duk lokacin da ya bi ta ƙarƙashin injin matsa, siraran layukansa suna ɗan cinyewa, kamar hatimin ofis da ya sha aiki har harufansa suka fara dusashewa. A wata dabarar, wadda ake karce farantin kai tsaye da tsinken ƙarfe, da ƙyar ake samun kwafi ashirin ko talatin masu kyau kafin laushin baƙin ya tafi. Shi ya sa masu ido suke neman bugun farko-farko. Bayan rasuwar Rembrandt a 1669, farantansa da dama sun yi ta yawo daga hannun wannan dillali zuwa wancan a Paris, ana sake karce su idan sun lalace, ana ci gaba da bugawa har ƙarni biyu da ɗoriya. Duk ana kiransu aikin Rembrandt, amma tsakanin wanda ya fito daga hannunsa da wanda aka buga a ƙarni na 19 akwai tazara mai nisa a kyau da farashi.

Fensir ya shigo ne a ƙarshen ƙarni na 19. James McNeill Whistler, Ba'amurke mazaunin Landan, yana cikin waɗanda suka yaɗa al'adar. A jerin zane-zanensa na birnin Venice da suka fara fitowa a 1880, shi da kansa yake shafa wa faranti tawada, ya buga, ya datse gefen takardar ya bar ɗan kunne, sannan ya zana alamarsa ta malam-buɗe-littafi da fensir. Sa hannun nasa shaida ce ta wanda ya yi aikin da yatsunsa. A Paris kuma, tsakanin 1893 da 1895, André Marty ya fitar da jerin L'Estampe originale, inda masu zane irin su Toulouse-Lautrec da Gauguin suka ba da ayyuka, kowane kwafi 100. Aka kuma saba da soke faranti bayan an gama, a ja masa layi a tsakiya ko a huda shi, don kowa ya ga cewa ƙofa ta rufe. A lokacin an riga an iya lulluɓe faranti da siririn ƙarfe mai tauri don ya jure dubban bugu, saboda haka iyakar da kayan aiki suke sawa a da ta koma hannun mutum, ta zama magana ta amana.

Wani aikin Picasso ya nuna inda darajar take zaune. A 1904, yana matashi cikin talauci a Paris, ya karce hoton wasu ramammu, mace da namiji, zaune gaban kwano wayam, aka buga 'yan kaɗan. A 1913 dillalin nan Ambroise Vollard ya sa aka ƙarfafa farantin, ya fitar da kwafi 250. A watan Maris na 2022, ɗaya daga cikin na farkon ya haura fam miliyan 6 a Christie's na Landan. Na 1913 ba sa zuwa ko kusa da haka. Faranti ɗaya ne, mai zane ɗaya ne, zurfin baƙin tawadar ne ya raba su.

A nan ne ya kamata mai saye ya tsaya ya bambance abu biyu da ake haɗa wa suna da gangan. Akwai bugun asali, wanda mai zane ya ƙirƙira tun farko don a buga shi: ya sassaƙa katako, ko ya karce faranti ya tsoma a asid, ko ya yi zane a kan dutse bisa dabarar da Alois Senefelder ya gano a 1796, ko ya yi amfani da allon siliki irin na masu buga riguna da tutoci. Babu wani zane na daban da aka kwafo, kowace takarda ita ce aikin. Najeriya tana da gwani a wannan fanni, kuma Zariya ce ta horar da shi. Bruce Onobrakpeya, haifaffen 1932, ya shiga kwalejin fasaha da kimiyya ta Zariya a 1957, wadda daga baya ta zama Jami'ar Ahmadu Bello, yana kuma cikin ƙungiyar ɗaliban zane ta 1958 tare da Uche Okeke da Demas Nwoko da Yusuf Grillo. A 1967 asid ya cinye masa faranti fiye da kima, ya cike ramukan da gam mai daskarewa, sai ya ga bugun ya fito da tudu da kwari masu ban sha'awa. Daga wannan haɗari ya gina dabarar da ta yi masa suna a duniya, kuma tun 1998 yake koyar da matasa a taron bitarsa na shekara-shekara a Agbarha-Otor ta jihar Delta. Idan mutum irin wannan ya rubuta lamba a gindin takarda, akwai faranti da gumi a bayanta.

Na biyu shi ne kwafin hoto. An yi zane da fenti, an ɗauke shi da kyamara, an buga shi da injin maɗaba'a ko firinta mai feshin tawada, mai zane ya zo ya sa hannu. Tun 1991, lokacin da wani ma'aikacin bugu a Kalifoniya mai suna Jack Duganne ya raɗa wa bugun feshi suna giclée, wannan suna ya cika kantuna. Bugun na iya yin kyau ƙwarai, tawadar zamani kuma tana daɗewa. Sai dai fayil ɗin kwamfuta ba ya cinyewa. Na farko da na dubu goma duk ɗaya ne, kuma babu farantin da za a huda. Iyakarsa ita ce kawai abin da mai bugawa ya ce.

Amurka ta ga yadda wannan ke ƙarewa. A shekarun 1980 da farkon 1990 kasuwar hotunan namun daji da ƙauyuka da dawaki ta yi tashe, kantunan firam suka cika manyan rukunin shaguna. Wani hoton Bev Doolittle na 1989 an buga shi kusan 70,000, kowane da lambarsa da sa hannunsa, kuma duk a ƙarƙashin sunan bugu mai iyaka. Amma babu wanda ya kai Thomas Kinkade, mai zanen ƙananan gidaje masu hasken fitila a taga, da gadoji, da lambuna. Kamfaninsa ya shiga kasuwar hannun jari ta New York, yana da ɗaruruwan shaguna masu ɗauke da sunansa, har yana cewa gida ɗaya cikin kowane ashirin a Amurka akwai hotonsa. Zane ɗaya sai a raba shi aji-aji: akwai mai lamba na gama-gari, akwai kason mai zane, akwai kason shago, akwai kason mai bugawa, akwai na ƙasashen waje, kowane aji da nasa lissafin, kuma kowane a girma biyu ko uku, a takarda ko a ƙyalle. Wanda ya ga lambarsa a cikin dubu kaɗan bai san cewa ajinsa kawai aka ƙirga ba. Akwai ma'aikatan da aka horar su ɗiga fenti a wasu wurare don hoton ya yi kama da na hannu, a ƙara masa kuɗi. Shi kansa sa hannun, a yawancinsu na'ura ce ke yi, da tawadar da aka ce an gauraya da ƙwayoyin halittar mai zanen.

A 2006 kwamitin sasanci ya umarci kamfanin ya biya wasu masu shago biyu na jihar Virginia dala 860,000, bayan sun yi ƙarar cewa an yaudare su, aka bar su da kayan da ba sa sayuwa. A 2010 reshen kamfanin mai buga hotunan ya nemi kariyar kotu daga masu bin sa bashi. Kinkade ya rasu a watan Afrilu na 2012. Waɗanda suka sayi hotunansa don suna ƙaunarsu ba su yi asarar komai ba, har gobe suna rataye a falo suna faranta musu rai. Waɗanda aka yi wa romon baka cewa jari ne, su ne suka je sayarwa suka tarar dubban mutane sun riga su layi da irin hajarsu.

Raba bugu aji-aji irin wannan halal ne a idon doka. Ɓangaren Dalí kuwa ya zarce zuwa damfara tsagwaronta, domin da zarar an san akwai fararen takardu masu sa hannun gaske a kasuwa, sai masu ƙirƙirar na jabu suka sami mafaka. A 1990 kotun tarayya ta sami shugabannin Center Art Galleries na Honolulu a Hawai da laifin zamba kan sayar wa 'yan yawon buɗe ido jabun Dalí, kuma sun yi zaman kurkuku. A 1991 jami'an binciken gidan waya suka kama dubun dubatar jabun Dalí da Miró da Chagall da Picasso a wani rumbu kusa da New York. Wani abin da ya taimaki masu bincike ƙarami ne ƙwarai: wajen 1980 masana'antun takarda na Arches da Rives a Faransa sun ƙara wata alama a tambarin da ake gani idan an ɗaga takarda ga haske, alhali a lokacin rawar hannu ta sa Dalí ya daina sa wa bugu hannu. Takarda mai sabuwar alama da sa hannunsa ta tona wa kanta asiri. Kusan duk jabun nan kuwa an sayar da su ne tare da takardar shaida mai hatimi da ado, wadda shagon da ke sayarwa ya buga da kansa.

Ko inda babu ƙarya, kalmar iyaka tana da ƙofofin baya. A watan Maris na 2012, mai ɗaukar hoto William Eggleston ya sayar da manyan sabbin bugu 36 na tsofaffin hotunansa a Christie's, aka tara dala miliyan 5.9. Jonathan Sobel, wanda ya tara ayyukansa masu yawa na tsohon bugu mai lamba, ya kai ƙara cewa an rage wa kayansa daraja. A 2013 mai shari'a Deborah Batts ta kori ƙarar, bisa hujjar cewa sabon girma da sabuwar dabarar bugu sun sa aikin ya zama daban. Darasin ga mai tarawa mai ɗaci ne: alkawarin ya shafi wannan girma da wannan hanyar bugu ne kawai, bai shafi hoton ba. A 2021 kuma Damien Hirst ya fito da hotuna takwas na furannin bishiya, dala 3,000 kowane, aka buɗe ciniki na kwana shida, adadin da aka yi oda shi ne adadin bugun. An sayar da 7,481, kuɗi ya haura dala miliyan 22. Bai ɓoye wa kowa tsarin ba, kuma wannan abin yabo ne. Amma bugun da duk mai so ya samu tun ranar farko, wa zai zo nemansa da tsada daga baya?

Akwai inda tsarin ke aiki, kuma dalilin a fili yake. Bugun hoton mai zane Banksy na yarinya da balan-balan mai siffar zuciya ya fito a 2004, guda 150 masu sa hannu, 600 marasa shi. Tun 2008 ofishi ɗaya ne, Pest Control, ke tantance ayyukansa. Takardar shaidarsa tana zuwa da rabin wata takardar fam goma ta wasa mai hoton Gimbiya Diana, ɗaya rabin yana ajiye a ofishin, kuma manyan gidajen gwanjo ba sa karɓar aikin da ba shi da ita. Adadin ƙarami ne, an san shi, kuma akwai mai tsaron lissafi. Duk da haka farashin bugun Banksy, bayan ya yi tashin gwauron zabo a 2021, ya sauko sosai a shekarun da suka biyo baya.

Wani zai ce duk wannan girman kan masana ne, masu raina abin da talaka ke so. Zargin yana da tushe, domin an daɗe ana yi wa masu son hoton ado dariya, kuma ba daidai ba ne. Vladimir Tretchikoff, ɗan asalin Rasha mazaunin Cape Town, ya zana wata budurwa 'yar Sin mai fuska shuɗi-kore a 1952. Masu sukar zane suka yi masa ca, shi kuwa ya buga hoton ba iyaka, ana sayarwa da araha a kantuna, ya shiga gidajen ma'aikata daga Ingila har Ostareliya. Asalin zanen ya tashi a kan fam 982,050 a gwanjon Bonhams na Landan a 2013. Haka hoton Tutu, gimbiyar Ife, na Ben Enwonwu, kwafinsa ya rataya a ɗakuna da yawa a Najeriya shekara da shekaru kafin a gano ɗaya daga cikin na asali a wani gida a arewacin Landan, a sayar da shi fam miliyan 1.2 a 2018. Waɗannan kwafi sun kai kyan zane gidajen da ba za su taɓa iya sayen fenti a ƙyalle ba, kuma ba su yi wa kowa alkawarin arziki ba. Cinikinsu ya fi tsabta nesa ba kusa ba a kan na takardar da aka yi wa lamba don kawai a ninka kuɗinta sau ashirin. Abin ƙi shi ne a ɗauki sha'awar mutum ta gaskiya a mayar da ita tarkon kama ajiyarsa.

Haka nan ba a manta da matasan masu zane ba, waɗanda bugu 30 ko 50 mai sa hannu shi ne ke biya musu kuɗin haya. Sayen aikinsu kai tsaye daga hannunsu yana cikin mafi kyawun abin da mai son zane zai yi da kuɗinsa, ko da bugun na firinta ne, muddin sun faɗi hakan.

Mai son shiga wannan harka yana da kayan kare kansa daga cinikin biri a sama, kuma ba su da tsada. Gilashin ƙara girma na nuna ɗige-ɗigen launi huɗu da suka jeru a bugun maɗaba'a. Bugun faranti yana barin shatar matsi a kewayen zanen, wadda yatsa ke ji. Manyan masu zane suna da kundin da masana suka tattara na dukkan bugunsu, da girma da irin takarda da adadi, kamar wanda Albert Field ya fitar kan Dalí a 1996, kuma abin da bai dace da kundin ba a bar shi. Ƙaramar lamba ba ta fi babba ba, tunda galibi sai an gama bugawa ake bin takardun da fensir yadda suka zo hannu. Bayan saye kuma, hasken rana yana kashe launi, damshi yana kawo tabo, kwali mai arha yana ƙona gefen takarda ya bar rawaya, datse gefe don ya shiga firam kuwa yana zubar da rabin darajar ko fiye.

Kalifoniya tun farkon shekarun 1970, New York kuma tun 1981, sun wajabta wa dillali ya ba da bayani a rubuce: wace dabara aka bi, a wace shekara, nawa ne jimillar kwafi har da na kason mai zane da na mai bugawa, ko akwai wasu bugu na wannan hoto, ko mai zanen ne ya sa hannu da kansa, da kuma abin da aka yi da farantin. Wanda ya yi ƙarya zai mayar da kuɗi da ruwa, idan kuma da gangan ne hukuncin na iya kaiwa ninki uku. Mai saye ta intanet daga Kano ko Yamai ko Kumasi da wuya ya iya bin wannan haƙƙi zuwa kotun wata ƙasa, amma yana iya tura wa mai sayarwa waɗannan tambayoyi shida, ya nemi amsa a rubuce a jikin rasit kafin ya tura ko sisi.